Kuɗin bugun 1975 na biya, na 1991 aka aiko mini

Ku da kuke sayen tsofaffin faya-fayan garmaho a wajen mutumin nan na Legas, kun dai san shi, wanda yake jera su a kan jan kafet yana ɗaukar hoto, ku riƙa sa shi ya juya muku bayan faifai a bidiyo kafin ku tura masa ko sisi. Abin da ya haɗa ni da shi ƙaramin faifan Bohemian Rhapsody ne na ƙungiyar Queen, irin mai juyi 45 a minti ɗin nan, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ya sa hoto da tambarin kamfanin faya-fayai na EMI ɓaro-ɓaro, har lambar ana karantawa, EMI 2375, ya rubuta a ƙasa wai bugun Ingila ne na 1975. Kuɗin da ya yanka kun gani da idonku. Tunda waƙar ta cika shekara 50 da fitowa a Oktoban 2025 duk masu sayar da irin kayan nan suka tsawwala farashi, shi kuma nasa ya fi na kowa.

Da na karɓo saƙon daga tasha na farke ledar, abu na farko da na gani a tsakiyar faifan shi ne tambarin kamfanin Parlophone, ga 1991 a rubuce. Na juya baya, sai ga wata waƙa daban, These Are the Days of Our Lives. Nan take na kira shi. Ko a jikinsa, cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai duk ɗaya ne, waƙar ba ita ce a ciki ba? Wannan ma ya fi wancan sabunta." Na ce, "Malam, in duk ɗaya ne, me ya sa a shafinka kuɗinsu ba ɗaya ba ne?" Sai ya ce wai ba ya jina sosai, zai kira.

Wannan "duk ɗaya ne" ita ta fi tsaya mini a rai, fiye ma da kuɗin. In sauraro kawai nake so, ai waƙar tana cikin wayata, tana YouTube inda tun 2019 aka kalle ta sau biliyan 1. Wanda ya sayi faifai, abin da aka buga a lokacin yake saye, gaba da baya. Bayan faifan 1975 kuwa yana da nasa labari. Waƙar da ke wurin ita ce I'm in Love with My Car, ta Roger Taylor, mai kiɗan gangunan ƙungiyar, waƙa ce sukutum a kan son mota. An daɗe ana ba da labarin cewa kulle kansa ya yi a cikin kabad a sitidiyo, ya ce ba zai fito ba sai an yarda an sa waƙarsa a baya. Dalilin nacin ba ɓoyayye ba ne: a tsarin wancan zamani, duk faifan da aka sayar, marubucin waƙar baya yana cin kaso daidai da na marubucin waƙar gaba. Wato duk wanda ya sayi faifan saboda Freddie Mercury, babban mawaƙin ƙungiyar wanda ya rubuta waƙar gaba, ya biya Taylor ba tare da ya sani ba. Wannan ta daɗe tana ci wa sauran tuwo a ƙwarya, daga baya ma suka koma rubuta sunan ƙungiyar baki ɗaya a kan waƙoƙinsu. To wannan faifan nake so in riƙe a hannuna, shi na biya.

Wani abin da ya sa nake son bugun farko shi ne in ji yadda aka cusa waƙa mai minti 5 da daƙiƙa 55 a fuska ɗaya ta ƙaramin faifai. A lokacin waƙar rediyo ba ta cika wuce minti uku zuwa huɗu ba, kuma mutanen kamfanin EMI sun ce wannan ta yi tsawo, babu gidan rediyon da zai saka ta, a rage ta. Queen suka ƙi kememe. Abin da ya warware gardamar shi ne Kenny Everett, mai gabatar da shiri a gidan rediyon Capital na Landan. An ba shi kwafi bisa sharaɗin kada ya saka, shi kuwa ya saka ta sau 14 cikin kwana biyu, mutane suka yi ta zuwa kantuna neman faifan da ko fitowa bai yi ba. Ranar 31 ga Oktoba 1975 aka sake ta yadda take, ba a yanke ko daƙiƙa ba. Ta yi mako 9 tana kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi saya a Birtaniya. Wadda ta sauke ta a Janairun 1976 kuwa, abin dariya, Mamma Mia ce ta ƙungiyar ABBA, alhali kalmomin nan biyu suna cikin waƙar Queen ɗin ita kanta.

Na bar faifan a kan tebur ina jiran kiran da bai zo ba. Da haushi ya ɗan lafa na ce bari dai in ji abin da aka aiko mini. Garmahon da nake amfani da shi na kawuna ne, ya zo da shi daga Ingila lokacin da ya yi karatu can, allura kawai na sauya masa. Na goge faifan na ɗora.

A nan fa na ɗan sauko. Muryoyin farkon nan da ba kiɗa a bayansu sun fito tas, sannan fiyano ya shigo da nauyin da ban taɓa ji a waya ba. Sai da na ƙara murya fiye da yadda na saba, wanda ba laifin kowa ba ne: in aka matsa doguwar waƙa a ƙaramin faifai dole layukan su matsu, sauti ya ɗan yi ƙasa. Amma in ka zauna tsakanin lasifika biyu za ka gane aikin da aka yi. Murya ta fito ta hagu, wata ta amsa ta dama, sannan su haɗu a tsakiya kamar mutum ɗari ne suke rerawa, alhali mutum uku ne kawai, Mercury da Brian May mai kiɗan jita da Taylor, wanda shi ne mai siririyar muryar can sama. John Deacon, mai jitar bas, bai yi waƙa ba. Sun fara ɗauka a sitidiyon Rockfield da ke Wales a watan Agustan 1975, tare da furodusa Roy Thomas Baker, suka ƙarasa a wasu sitidiyon na Landan. Na'urarsu layi 24 take ɗauka, sai su cika, su haɗe muryoyin a layi guda, su sake ɗora wasu a kai. Sun faɗi da bakinsu cewa tef ɗin ya sha wucewa ta kan na'ura har ya soma sirancewa ana hango haske ta cikinsa. Babu kwamfuta, babu gyaran murya, in ka kuskure ka sake.

Kuma waƙar ba ta da amshi ko ɗaya. Mu da muka taso da waƙar da amshi ne ƙashin bayanta, wannan abin a tsaya a duba ne: babu baitin da ake komowa kansa, daga taushi ta wuce jitar May, wadda shi da mahaifinsa suka ƙera da katakon tsohon murhu, yake kuma kaɗa ta da kwabon Ingila, daga nan ta faɗa ɓangaren opera, sai kiɗa mai zafi, sannan ta sauka. Mercury ya daɗe yana ɗauke da gutsattsarinta kafin ya haɗe su. Da aka yi gwanjon kayansa a gidan gwanjo na Sotheby's a Satumban 2023 an ga takardun da ya fara rubuta ta, na wani kamfanin jirgin sama ne, British Midland, kuma da farko Mongolian Rhapsody ya rubuta sannan ya soke. Takardun sun haura fam miliyan 1, fiyanonsa na Yamaha kuma fam miliyan 1.7. Har ya bar duniya bai taɓa zama ya bayyana ma'anar waƙar ba.

Da na juya baya sai mamaki ya ƙaru. Waƙar da nake jin haushin ganinta, ashe ba abar rainawa ba ce. A hankali take tafiya, da ɗan kiɗan ganga mai taushi, mutum yana waiwayen ƙuruciyarsa. Ita ma Taylor ne ya rubuta, kun ga ko ta ina aka juya faifan nan sai an same shi. Mercury ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 1991, a Disamba aka sake fitar da faifan da waƙoƙin biyu, ya sake hawa kan gaba na mako 5, kuɗin da aka samu aka ba ƙungiyar Terrence Higgins Trust mai taimakon masu cutar ƙanjamau. Bidiyon wannan waƙar ta baya shi ne na ƙarshe da aka ɗauka da Mercury, baƙi da fari, ya rame sosai. Gaskiya a wannan daren na ce to, ko ba komai abin da ke hannuna ma tarihi ne, in mutumin nan ya mayar mini da rarar kuɗina shi ke nan, mun rabu lafiya. Har na fara rubuta masa saƙo mai laushi.

Sai na mayar da fuskar gaba don in sake ji, na tsaya ina kallon faifan yana juyawa. Gefensa hawa yake yana sauka kamar mota a kan hanya mai gargada. Karon farko allura ta daure ta wuce, wannan karon kuwa tana zuwa tsakiyar ɓangaren opera, daidai inda muryoyin suke cewa Bismillah, sai ta yi tsalle ta dira can gaba. Na mayar, ta sake. Na ɗora kwabo a kan hannun allurar don ta yi nauyi, ta wuce amma da wani ƙara mai cin rai, kuma kowa ya san haka ake kashe faifai. Wannan wuri ne da duk wanda na taɓa kunna wa waƙar a gidan nan sai ya ɗago kai ya ce me ya ce? Sai in ce masa ai Mercury a Zanzibar aka haife shi a 1946, Farrokh Bulsara ne sunansa na yanka, iyayensa 'yan Parsi ne daga Indiya, sun bar tsibirin zuwa Ingila a 1964 lokacin juyin juya hali. Yanzu wurin da ake jira shi ne wurin da ba ya kunnuwa.

Na ɗauko abin da aka naɗo shi na sake dubawa. Baƙar leda ce da salatif, sai kwalin indomi guda ɗaya a gefe ɗaya, ɗaya gefen ba komai. Mutumin da yake kiran kansa masanin faya-fayai, ya ɗauki roba ya miƙa wa direba haka, daga Legas har Arewa, a cikin but, a wannan zafi. Kuma na biya kuɗin naɗi daban, shi ya ce in ƙara don zai sa katako a gaba da baya.

Na tura masa bidiyon allurar tana tsalle, na tura hoton tambarin tare da hoton da ya sa a talla. Amsar da ya bayar ita ce wai lafiya lau faifan ya bar hannunsa, in nemi direba. Batun shekara kuma wai yaronsa ne ya ɗauko wani a maimakon wani, na asalin an riga an sayar. Amma har yau hoton EMI 2375 ɗin yana nan a shafinsa, bai cire ba, farashin ma ya ƙaru. Ya ce in ina so in mayar da wannan da kuɗin motata, sai ya duba, in ya ga ba ni na lanƙwasa shi ba, ya ba ni wani faifan daga cikin waɗanda suka rage. Kuɗi dai ba ya mayarwa.

Ban mayar ba, domin na san in ya koma ba faifai ba kuɗi. Wani abokina mai gyaran rediyo ya ce in sa shi tsakanin gilashi biyu masu kauri, in ɗora littattafai, in bar shi a inuwa ya daɗe, wataƙila ya miƙe. Yana can ƙarƙashin ƙamus biyu. In za a ba da tauraro, waƙar da masu ita sun ci biyar, bugun 1991 ma da ya zo lafiya da na ba shi huɗu. Mai sayarwa kuwa ɗaya, ita ma don saƙon ya iso ne. Duk wanda ya ga hoton nan na EMI a kan jan kafet ya tambaye shi wace waƙa ce a baya, ya kuma ce ya nuna masa faifan yana juyawa a kan garmaho daga farko har ƙarshe.