Kalaba, Fatakwal ko Legas: ina ya fi dacewa a kai iyali cin kifin teku?

Tun watan jiya muke ta shawara da Baban yara kan inda za mu je hutun Disamba, mu ɗan gudu daga sanyin Jos, kuma ni dai abinci na sa a gaba, don yarana kifin teku ɗaya suka sani, na ƙanƙara da muke saya a kasuwar Terminus, sai tarwaɗa da karfasa.

Legas na cire ta tun farko, akwai shinkafar ofada da ewa agoyin, wato dafaffen wake da miyar yaji, amma go-silo zai cinye rabin hutun. Fatakwal kuma bole ne abin alfaharinsu, gasasshen agade da kifi da miyar manja mai yaji, yana da daɗi kam, sai dai ba zan ɗauki yara huɗu mu yi wannan nisan don shi kaɗai ba.

Kalaba ce zaɓina. Na je sau ɗaya bikin ƙawata kuma har yau ina tuna edikang ikong ɗin da aka zubo min, ganyen ugu da watalif ne aka cika tukunya da su, ba a tsuga ruwa, ruwan ganyen ne ke dafa kansa, ga banda ga ganda ga kirefish, ka ɗora a kan sakwara miyar ta tsaya cak ba ta gudu. Miyar afang ta fi ta ɗan tauri a baki. Akwai ekpang nkukwo, gwaza ce ake gogewa a naɗe a ganye ƙulli ƙulli, aikinta na cin wuni guda shi ya sa ba kullum ake samu ba. Miyar masunta kuwa da ɗanyen kifi da ƙaguwa da jatan lande ake yinta, ita nake so yaran su fara ɗanɗanawa. In babu mai cin ƙananan dodon koɗi a gidanku ku faɗa tun kafin a zuba, don kusan kowace miya suna sa shi. Maganar nama kuma, ku tambaya, wasu wuraren ana dafa alade da kare. Mu kifi za mu riƙe, in an so nama a je Bogobiri, unguwar Hausawa ce, akwai masallaci akwai masu tsire. Kalaba a bakin kogi take, mai son yara su taka yashin teku sai ya ƙarasa Ibeno a Akwa Ibom. Kuma a Disamba ake kanibal ɗinsu, bikin rawa da kaɗe-kaɗe a titi, wanda aka fara a 2004 zamanin gwamna Donald Duke, otal na cika, a kama ɗaki da wuri.

Yanzu tsaraba, dan Allah ku saurare ni nan. Wancan zuwan na sayi manja jarka guda a hanya wajen wata mata, ja wur kamar jini, na iso Jos na yi miya sai ga robar abinci ta rine har da hannuna, wanki biyu bai fita ba, ashe kala aka zuba. Duka na zubar, kuma na riga na ɗiba wa surukata, abin ya dame ni sosai. Ku ɗiga a tafin hannu ku murza, ku shinshina, manja na gaske yana ƙamshin kwakwar manja kuma ba ya kama fata haka. Kirefish ku sa hannu har ƙasan buhu, sama manya ne ƙasa gari da yashi, ku tauna ɗaya ku ji. Kifin banda kuma in kun ga ba ƙuda ko ɗaya a kansa alhali na maƙwabcinsa ƙuda na bi, ku wuce, wasu fiya-fiya suke fesawa. Gasasshen kifi a bakin ruwa kuma a yi ciniki kafin a ɗora a wuta.

Wannan karon kasuwar Watt ta Kalaba zan shiga da safe tare da ƙawata, ita za ta yi magana da yarensu, ni kuma na riƙe buhu ina dubawa.