Sharhi: gam ɗin haɗa ƙananan jirage da motocin roba, wanne ne ke aiki a yanayin Kano?

Duk wanda ya buɗe kwalin ƙaramin jirgin sama na kamfanin Airfix ko tankar yaƙi ta kamfanin Tamiya, irin na roba da ke zuwa gunduwa-gunduwa don a haɗa, a garin nan, abin da hannunsa ke fara kaiwa gare shi sufa gulu ne, don shi ake samu a kowane shago da teburin mai kayan koli. Daga nan ɓarnar take farawa. Na yi aiki da gam iri-iri a kan waɗannan kaya, na waje da na gida, kuma a ganina kwalba ɗaya ta Tamiya Extra Thin Cement, mai koren murfi, ta fi duk sauran amfani idan aka haɗa su. Sauran ma suna da wurinsu, amma ƙaramin wuri ne, kuma sai ka san shi.

Kusan duk waɗannan kaya, ko jirgi ne mai ma'aunin 1/72 da 1/48 (wato kashi ɗaya cikin 72 ko 48 na girman na gaske), ko tanka mai 1/35, ko mota mai 1/24, da roba iri ɗaya ake zuba su, wato folistarin. Extra Thin ba ya liƙa wannan roba, narkar da ita yake yi. Ruwa ne tsinkakke, kusan rabi asiton rabi butil asitet, babu wani danƙo a cikinsa. Idan ya taɓa bakin sassa biyu sai fuskarsu ta yi laushi, su shiga juna, ruwan ya bi iska, a bar roba guda ɗaya. Walda ce, sai dai babu wuta. Shi ya sa haɗin da aka yi da shi ake iya gogewa da sanfefa har layin ya ɓace, domin abin da ke tsakanin ma robar ce. Sufa gulu kuwa wani abu ne daban yake zama a tsakiya, ya fi robar tauri, kuma ba ya jure buguwa. Fiffiken da aka liƙa da shi, faɗuwa ɗaya daga tebur ta isa ta ɓalle shi.

Kwalbar mililita 40 ce, mai kusurwa huɗu don kada ta yi saurin kifewa, da siririn buroshi a jikin murfin. Yadda ake aiki da shi ya saɓa wa abin da muka saba. Ba a shafawa sannan a haɗa. Idan ka shafa, kafin ka ɗauko ɗaya ɓangaren gam ɗin ya riga ya bushe. Fara yanke sassan daga firam ɗin robar da suka zo manne a jikinsa, ka kankare ɗan tudun da ya rage da reza, ka gwada su a bushe ka ga sun zauna daidai. Idan akwai ɗan ƙusar roba a ciki da ke hana bakin haɗuwa, yanke shi, ba dole ba ne. Sai ka riƙe ɓangarorin biyu a haɗe, ka tsoma buroshi, ka share shi a bakin kwalba, ka ɗan taɓa tsagar da tsininsa kawai. Za ka ga ruwan ya bi layin da kansa, ya yi gaba kamar santimita biyu ko uku. Jira daƙiƙa goma, ka matse. Idan komai ya yi daidai, wani siririn zaren narkakkiyar roba zai ɓullo a kan layin. Kada ka goge shi. Wannan zaren shi ne zai cike tsagar, kuma idan ya bushe aka kankare shi da bayan reza, ba ka buƙatar wani abin cike gurbi. Gangar jikin jirgi kaɗan-kaɗan ake binta, daga hanci zuwa jela, ba a lokaci guda ba.

Illarsa daga wannan gudun nasa take zuwa. Yadda yake bin tsaga, haka yake bi ta ƙarƙashin yatsa. Idan yatsanka na kan layin, zai ratsa ya bar maka zanen yatsa a jikin fiffike, a fili ƙarara. Haka yake yi da salatif ɗin takarda da robar ɗaurin kuɗi idan sun haye kan layin kafin a sa gam: ya shige ƙarƙashinsu ya ci fuskar robar. Don haka yatsa nesa da tsaga, salatif kuma sai bayan minti ɗaya ko biyu. Idan ɗigo ya faɗa inda ba a so, magani ɗaya ne, ka ƙyale shi. Muddin ba a taɓa ba, zai bushe ya bar ɗan dishi-dishi da sanfefa mai lamba 1000 ke gogewa. Wanda ya sa tsumma ko auduga, shi ne ya yi rami.

Akwai kuma abin da ke ɓata wa masu gaggawa aiki. Bayan minti kaɗan haɗin ya kama, za ka iya ci gaba. Amma can ciki robar tana da sauran laushi. Idan ka goge ka fesa fenti a ranar, bayan kwana biyu layin zai sake bayyana a ƙarƙashin fenti, don robar ta ɗan lotsa yayin da sauran ruwan ke fita. A bar manyan haɗi su kwana, awa 24, kafin a kai musu sanfefa mai lamba 400, sannan 600, sannan 1000.

Yanzu batun yanayinmu, wanda takardar da ke cikin kwali ba ta san da shi ba. Asiton a digiri 56 yake tafasa. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin Kano kan haura 40, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka. Buroshin kan bushe tsakanin kwalba da wurin aiki, kwalbar da aka bari a buɗe kuma tana raguwa kana kallo. Mafi muni, asiton ɗin ne ke fara tafiya, sai a bar ruwa mai nauyin bushewa. Ka ajiye kwalbar dab da hannunka, ka riƙa mayar da murfin duk tsomawa, kada fanka ta riƙa bugun teburin kai tsaye. Aikin sassafe ko bayan isha'i ya fi kyau. Saboda wannan ne ban ga dalilin sayen ɗan'uwansa mai saurin kamawa ba, Quick Setting, mai murfi kore mai haske. An yi shi don masu jiran gam ya bushe, mu kuwa a nan neman yadda zai ɗan daɗe muke yi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: duk haɗin da ke da laushi, ka kifa masa roba ko kwali har ya bushe.

Don manyan fuskoki, kamar sama da ƙasan fiffike na jirgi mai 1/48, inda ake son a shafa a ciki sannan a haɗa, gam mai kauri ya fi. Tamiya Cement mai farin murfi yana da narkakkiyar roba a ciki, yana ba ka lokacin gyara zama. Revell Contacta Professional ma haka, giram 25 a shuɗiyar roba mai dogon bakin ƙarfe kamar allura, kuma yana kai ɗigo cikin lungu da kyau. Duk gam mai irin wannan baki yakan toshe idan ya bushe a ciki. Siririyar wayar jan ƙarfe daga tsohuwar wayar wuta tana buɗe shi, kuma za ka iya barinta a ciki bayan aiki. Irin waɗannan kaɗan ake sawa. Idan ya yi yawa a wuri rufaffe, ba shi da hanyar fita, sai ya ci gaba da cin robar daga ciki, bayan mako guda ka ga fiffike ya lotsa.

Samun su shi ne wahalar. Ruwa ne mai kamawa da wuta, dokar jigilar jiragen sama ta takura shi, don haka sau da yawa za a aiko maka da kwalin jirgin amma a ƙi aiko da gam ɗin. Idan ka sami mai kawowa, sayi biyu. Ruwan wanke bindigar fenti na Tamiya, Airbrush Cleaner, mai mililita 250, sinadaransa kusan ɗaya ne da Extra Thin, masu wannan sana'a da yawa da shi suke cika kwalbarsu. Tinar masu fentin mota ma tana narkar da folistarin, sai dai kowane galan da irin haɗinsa, wani ya kama, wani ya tsattsaga robar. Asiton zalla ya cika saurin bushewa. Gam ɗin bututun ruwa da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa kuwa, don wata roba aka yi shi, yana da kauri da ƙarfin da sassa sirara ba sa ɗauka.

Sufa gulu, wanda kamfanin Eastman Kodak ya fara sayarwa a 1958, wurinsa shi ne inda walda ba ta aiki: ƙananan sassan tagulla, bututun bindiga na ƙarfe, sassan da aka zuba da rezin (wata irin roba da Extra Thin ba ya narkarwa), waya, da duk inda abu biyu mabambanta suka haɗu. Danshin iska ne ke kamar da shi. Shi ya sa da damina yake kamawa kafin ka gyara zama, da hunturu kuma ka riƙe har hannu ya gaji. A lokacin sanyi ɗan huci da baki a kan wurin yana taimakawa. Kada ka ɗiga shi daga bututu kai tsaye. Zuba ɗigo a kan murfin kwalbar lemo, ka ɗiba da tsinken sakace. Idan akwai rami, sa ɗigo ka barbaɗa bekin soda, nan take zai daskare. Ka goge shi cikin awa ɗaya, domin idan ya kwana ya fi robar da ke kewaye da shi tauri, sanfefa za ta ci robar ta bar shi a tsaye. Ka nisanta shi da auduga, haɗuwarsu zafi take yi har ta ƙona fata. Ƙananan bututu masu giram 3 sun fi dacewa da mu, don babba daskarewa yake yi kafin a kai rabi. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, kuma duk wanda ka ga ya yi yauƙi yana jan zare, ya riga ya lalace.

Wuri ɗaya da sufa gulu ba ya zuwa ko kusa shi ne gilashin ɗakin matuƙi da gilasan mota. Tururinsa yana sauka a kan robar mai haske ya bar farin hazo, musamman inda maiƙon yatsa ya taɓa, kuma yawanci daga ciki yake yi, bayan an rufe. Extra Thin ma idan ya hau ta ya gama da ita. A nan farin gam ɗin kafintoci, irin su Top Bond, ya yi min fiye da yadda kuɗinsa ke nunawa. Ka ɗiba da tsinke, ka ja siririn layi a bakin, ka ɗora gilashin, ka share abin da ya fito da jiƙaƙƙen buroshi. Fari ne da farko, idan ya bushe ya zama garau. Ba shi da ƙarfi, amma gilashi ba kaya yake ɗauka ba, kuma idan ya karkace za ka iya ɗagawa ka ɓare ka sake. B-7000 da masu gyaran waya ke amfani da shi a kasuwar Farm Centre ya fi shi riƙo, shi ma garau yake bushewa, sai dai yana jan zare, sai da natsuwa.

Jirage masu taya a hanci suna buƙatar nauyi a gaba, in ba haka ba su zauna a kan jela. Takardar kwalin takan faɗi giram nawa. Ƙananan noti ko dalma ake sawa, kuma Araldite ne gam ɗinsu: daidai wa daida daga bututun biyu, a cakuɗa minti ɗaya har launin ya zama ɗaya. Irinsa mai saurin kamawa, wanda ake ce wa mai minti biyar, ba ya kai minti biyar a bazara, don haka ɗan kaɗan za ka kwaɓa. Kada ka sa farin gam a nan, ruwan da ke cikinsa yana sa ƙarfe tsatsa, dalma kuma tana kumbura da shi a hankali har ta tsaga hancin. Gam ɗin masu gyaran takalmi da gam ɗin kyandir na bindiga ba su da aiki a kan waɗannan kaya: na farko yana cin roba yana barin kauri, na biyu zafinsa ya haura digiri 100 da folistarin ke fara laushi.

Akwai abu biyu da ke sa a zargi gam alhali ba laifinsa ba ne. Fenti da ƙyallin azurfa da ke kan bamba da rim ɗin mota suna tare shi daga isa ga robar, dole a kankare daidai wurin haɗin. Tayoyi masu laushi da ƙananan zoben da ke cikin gaɓoɓin mutum-mutumin kamfanin Bandai kuma wata roba ce da babu abin da ke narkar da ita a cikin waɗannan, cusa su ake yi kawai. Idan ka ga an rubuta ABS a jikin firam, wata irin roba ce daban, nemi gam ɗin da aka yi don ita.

Tururin waɗannan ruwa yana sa ciwon kai, kuma yana kama wuta. A buɗe taga. Idan an ɗauke wuta, fitilar caji za a kunna, ba kyandir ba, kuma kada a yi aikin kusa da risho ko gas. A ɗaga su sama inda yara ba sa kaiwa, a wuri mai inuwa, ba cikin mota ba. Kada ka zubar da firam ɗin da ka cire sassa: duk sabon gam ko tinar da ka samo, yanko guda biyu ka haɗa, ka bar su su kwana, ka karya. Idan ta gefe suka karye layin na nan, gam ɗin ya yi. Ragowar kuma ka yayyanka su ƙanana cikin kwalbar Extra Thin da ta kusa ƙarewa, bayan kwana ɗaya ko biyu za su narke su zama abin cike gurbi mai launin robar jirgin, a shafa shi siriri, a ba shi kwana biyu kafin sanfefa.