Rotten Tomatoes: Tun 2016 Nake Leƙa Tumatir Kafin In Kalli Fim

Ƙanena ne ya fara nuna mini Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara sharhin finafinai yana ba su maki, a 2016, kuma ba don ya yaba ba. Wayarsa ya miƙo mini yana huci: "Yaya, dubi zaluncin da ake yi wa DC." DC shi ne kamfanin da ke da su Batman da Superman. Lokacin fim ɗin Batman v Superman bai daɗe da fitowa ba, makinsa a shafin bai kai 30 cikin ɗari ba. Tun daga ranar nake leƙa shafin kafin in ƙona data a kan fim, musamman finafinan jarumai masu tashi sama, waɗanda da wuya su gaza awa biyu.

Na yi kusan shekara biyu ina karanta lambar a baibai. Na ɗauka maki ne irin na jarrabawa, ashe ƙidayar kawuna ce: cikin masu sharhi ɗari, nawa ne suka ce fim ɗin ya yi, ko da "ba laifi" kawai suka ce. In sun kai 60 sai a liƙa masa jan tumatir, in ba su kai ba sai koren tabo na ruɓaɓɓe. Don haka fim ɗin da kowa ya ce da dama-dama yana iya samun 95, wanda kuwa rabin mutane suka mutu a kansa, rabi suka tsane shi, ya maƙale a 50. Ni irin na biyun ne ke daɗewa a raina, kuma Allah kaɗai ya san nawa na tsallake saboda koren tabo. Laifina ne, don shafin bai ɓoye yadda yake lissafi ba.

Rigimar magoya baya kuwa, wani lokaci ta fi fim ɗin daɗin kallo. A watan Agustan 2016, da masu sharhi suka caccaki Suicide Squad, wani fim ɗin na DC, aka buɗe takardar koke a Change.org ana neman a rufe shafin, alhali shi tattara sharhin wasu yake yi. Ƙanena ya sa hannu. Da na gaya masa Warner Bros., kamfanin da ya mallaki DC, yana da hannun jari a shafin, sai ya ce ai shi ya sa abin ya fi ciwo.

Rigimar fim ɗin Captain Marvel ce ta sauya fasalin shafin. Brie Larson, tauraruwar fim ɗin, ta yi magana a 2018 cewa yawancin masu sharhin finafinai maza ne fararen fata, kuma ya kamata a faɗaɗa fagen. Wasu suka ƙullace ta. Tun fim ɗin bai fito ba suka yi dafifi a wurin da shafin ke ƙidaya masu son kallo suna danna ba za su kalla ba, suna zuba baƙar magana. A Fabrairun 2019 shafin ya cire waccan ƙidayar, ya kuma rufe wurin rubutun 'yan kallo sai fim ya fito. Fim ɗin ya fito ranar 8 ga Maris, ya tara sama da dala biliyan ɗaya. A watan Mayu aka kawo tantancewa: makin 'yan kallo da ake nunawa a gaba na waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti ne ta Fandango, kamfanin sayar da tikitin silima ta intanet. Gyara ne mai ma'ana, na yarda. Amma Fandango a Amurka yake sayar da tikiti, to mai kallo a Kano ko Maraɗi ra'ayinsa sai dai ya shiga rumbun gama-gari, tare da na masu zuwa ɗaukar fansa. Kuma Fandango ɗin ne ya sayi shafin a 2016. Mai sayar da tikiti shi ne mai ma'auni. Ban ce ya taɓa tauye mudu ba, amma ina tunawa da hakan.

'Yan jarida ma ba su fita fes ba. A Satumban 2023 mujallar intanet ta Vulture ta buga bincike da ke zargin wani kamfanin talla da biyan wasu ƙananan masu sharhi don makin finafinai ya tashi. Magoya baya suka yi ta ihu, mun faɗa muku. Sun manta a 2022 mujallar Rolling Stone ta ruwaito cewa aƙalla kashi 13 cikin ɗari na asusun da suka shiga hayaniyar neman a saki Justice League na Zack Snyder, daraktan Batman v Superman, na bogi ne. Kowa da tabo a rigarsa.

Duk da haka ban daina amfani da shi ba, kyauta ne, kuma da sauƙin bincike ga mai jin Turanci. Yanzu nakan wuce lambar in gangara ƙasa, in karanta sharhi uku ko huɗu, dole in haɗa da ɗaya na wanda bai so fim ɗin ba. Idan makin masu sharhi da na 'yan kallo suka yi hannun riga, nakan fara tambaya ko akwai wata rigima a ƙasa kafin in yarda da ɗayansu.

A Yulin 2025 sabon Superman na darakta James Gunn, ba na Snyder ba, ya sami jan tumatir. Na ɗauki hoton na tura wa ƙanena, na ce ga DC ɗinka an yi mata adalci. Shi ɗan Snyder ne har gobe. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amso: "Sayen su aka yi, Yaya."