Dubu talatin ɗinki: tallar Facebook ko mai mabiya a TikTok?

Ƙanwata, kin tambaye ni ko dubu talatin ɗin da kika ware don talla ki sa su a Facebook, ko ki biya wata yarinya mai mabiya a TikTok ta tallata maki kaya. Ki sa su a tallar Facebook, ki jingine maganar yarinyar TikTok ɗin tukuna. Atamfa da leshi da mayafai kike saidawa daga cikin gida a Daura, kuma wadda za ta saya maki a watan nan tana Daura ko garuruwan da ke kewaye. Cikin hanyoyin biyu, guda ce kawai za ki ce mata "matan nan kusa nake so su gani" ta ji maganarki.

Ni kayan gara nake yi a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura: dubulan, alkaki, nakiya da cincin. Da can cinikina bai wuce dangi da maƙwabta da waɗanda suka gaya mawa ba. Tallar kuɗi ta farko da na sa, ɗan gajeren bidiyo ne, ƙanena ya riƙe waya ina tsamo alkaki daga ruwan sukari yana ɗiga, ina faɗin kuɗin bokiti da bakina. Na zaɓi mata kawai, na ja da'ira a kan Katsina har ta kamo Batagarawa da Rimi, na sa maɓallin da ke kawo mutum WhatsApp. Bayan isha'i sai ga saƙon murya daga wata dattijuwa a Rimi. Autarta za ta aurar, jikarta ce ta ga bidiyon ta nuna mata. Tambayarta ta farko ba kuɗi ba ce, cewa ta yi, "'Yar nan, alkakin naki irin na da ne mai ɗan tsami, ko irin na yanzu da sukari kaɗai ake ji?" Muka yi ciniki, na aika kaya ta tasha. A wurin bikin mata suka riƙa karɓar lambata daga hannunta. Har yau in za a yi aure a danginsu ni ake kira, kuma ba ta taɓa shiga maganar oda ba sai ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Da azumi har kuka da daddawa take aiko mani. Allah ya ƙara mata lafiya. Matar nan ba ta da TikTok, ba ta san wata mai mabiya ba, amma tana cikin da'irar da na ja.

Da'irar nan ita ce abin da kike saye. In kin danna Boost, wato maɓallin tallatawa da kuɗi, a ƙarƙashin abin da kika ɗora, za a tambaye ki su wa kike so su gani. Kar ki bar shi a kan Najeriya gaba ɗaya. Ki sa alama a kan Daura a taswira, ki buɗa da'irar zuwa kamar kilomita 25, za ta kamo maki Sandamu da Zango da Mai'adua. Ki duba taswirar da kyau, don ta wajen Kwangwalam tana iya leƙawa Nijar, in ba kya aika kaya can babu amfanin ƙara faɗinta ta arewa. Ki zaɓi mata, shekaru daga ashirin da wani abu zuwa sama. In kuma kin saba ba direbobin tasha saƙo, ki ƙara birnin Katsina, tunda tafiyar kusan kilomita 80 ce kuma mota ba ta yankewa. Amma ki fara da gida. Mace ta fi saurin tura kuɗin leshi in ta san za ta iya aiko yaro ya karɓo yau, ko ta shigo da kanta ta taɓa ta ji laushinsa.

Sai abin da za ki ce tallar ta kawo maki. A nan ne kuɗin mata da yawa ke zurarewa. Za a ba ki zaɓi: ƙarin masu danna laik, masu kallon bidiyo, ko masu turo saƙo. Ki zaɓi saƙo, ki haɗa da lambarki ta WhatsApp. Na'urar kamfanin abin da kika roƙa take nemo maki. In kin ce laik kike so, za ta zaƙulo maki mutanen da aikinsu ke nan danna laik a kan komai, ki wayi gari da "Masha Allah" rututu a ƙarƙashin hoto, atamfa kuwa tana nan a jibge cikin leda. In kin ce saƙo, sai ta fi nuna wa waɗanda suka saba yi wa masu kaya magana.

Kuma kar ki ƙone kuɗin a kwana biyu. Ki raba su a kan mako guda ko fiye. Ita na'urar sai ta ɗan koyi irin mutanen da ke amsa maki kafin ta daidaita. Kamfanin da kansa yana cewa tana buƙatar sakamako kusan 50 cikin kwana 7 kafin ta gama koyon, kuma duk babban gyaran da kika yi a tsakiya yana maida ta farko. Ƙaramin kuɗi ba lallai ya kai 50 ɗin ba, amma ma'anar dai ita ce ki daina taɓa tallar kullum. Ita tantancewar da suke yi kafin talla ta fara tafiya yawanci ba ta wuce awa 24, saboda haka in don Sallah ko Gani kike yi, ki sa da wuri, tun ɗinki yana yiwuwa. Kin san telolinmu, daga tsakiyar azumi ba mai karɓar sabon yadi. Ƙarshen wata ma, lokacin da albashi ke shiga, ya fi tsakiyar wata motsi.

Akwai kuɗin da ba a gaya wa mutum sai ya zo biya. Tun Janairun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan tallar Facebook da Instagram a Najeriya, wato a kan kowace dubu goma akwai naira 750. Sannan in iPhone gare ki, kar ki biya ta cikin manhajar Facebook ɗin. Tun 2024 akwai kashi 30 cikin 100 da ke tafiya wa kamfanin Apple in an yi Boost ta nan. Ki buɗe shafinki ta burauza ko ta kwamfuta ki biya, ba za a cire maki wannan ba. A kan dubu talatin, kin ga ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Bidiyon kansa ba ya son wani ƙawa. Hasken safe a tsakar gida ya fi fitilar ɗaki nuna ainihin kalar atamfa, kuma ke kin san rigimar "ba wannan kalar na gani ba". Ki warware turmin, ki matso da waya kan zanen, ki juya bayansa, ki yi magana da Hausarki ta Daura. Ba dole fuskarki ta fito ba, hannu da murya sun isa. Ki faɗi kuɗi. Na san wasu na ɓoye farashi don kada abokan sana'a su gani, ai ko kin ɓoye za su sa a tambayo masu. Abin da ɓoyewar ke jawo maki shi ne ki wuni kina amsa "nawa?" ga waɗanda ko rabin kuɗin ba su shirya ba, kuma a irin wannan tallar kowane saƙo da kuɗinki ya zo. Ki ambaci sunan garin tun a daƙiƙun farko, "ina nan cikin Daura". Wani abu kuma, Daura ba Kano ba ce, mutanen cikin da'irarki ba su da yawa, nan da nan za su gaji da ganin abu guda. In kin ga saƙonni sun ja baya, ki sake bidiyo da wasu kaya maimakon ki ƙara kuɗi a kan tsohon.

Ita mai mabiyan, ba zan ce ba ta da amfani ba: fuskar da mutane suka sani tana sa a yarda da kaya, shi ke nan abin da zan iya yaba mata. Na taɓa biyan wata, na samu kira daga Legas da Kaduna da Yamai ana yaba dubulan, cinikin bai maida kuɗin sukari ba. Mabiya dubu ɗari biyun da yarinyar nan taki ta ce maki tana da su a warwatse suke, da yawansu maza ne da suka zo kallon barkwanci, kuma TikTok ba ya nuna bidiyo ga duk wanda ke bin mutum. Kamar ki ba mai shela kuɗi ne ya yi maki a tashar da kowa matafiyi ne. Ta ɗora yau, gobe tallar wata ta hau kan taki, jibi ma ta goge. Ba ki da wurin dubawa ki ga mutum nawa suka gani, daga ina suke, nawa kowane saƙo ya ci maki. A tallar Facebook duk wannan yana gabanki, kuma ranar da kika ga ba ta yi sai ki tsayar, sauran kuɗinki na nan. In wata rana kin samu 'yar Daura wadda matan gari ke bi, irin masu kwalliyar amare ko masu girki, wannan wata magana ce. Ko ita ɗin, ki sa ta buɗe maki wurin da ke nuna garuruwan mabiyanta da yawan mata a cikinsu, a wayarta, a gabanki. Hoton da aka turo ana iya gyara shi.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don da zarar tallarki ta fara yawo za su zo. Akwai masu saida mabiya, su ce dubu goma a kan kuɗi kaɗan. Asusun bogi ne, ba sa sayen ko ɗankwali, kuma suna kashe shafi, don in aka nuna masu abin da kika ɗora ba su motsa ba sai a rage nuna wa mutanen gaske. Akwai masu cewa su ƙwararrun talla ne, ki tura masu kuɗin da kalmar sirrinki su yi maki. Wani zai kashe kaɗan ya aljihunta sauran, wani ya canza kalmar sirrin ya tafi da shafin gaba ɗaya, ya koma yana karɓar kuɗin kwastomominki da sunanki. In har wani zai taya ki, Facebook yana da hanyar ba mutum izinin sa talla ba tare da ya san kalmar sirrinki ba, kuma kuɗin ke za ki zuba a asusun tallarki da hannunki. Za ki kuma ga saƙo a Messenger da tambarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, wai za a rufe shafinki cikin awa 24 in ba ki danna wani linki ba. Ƙarya ce, kar ki danna. Haka wanda zai kira ya ce an turo maki lambobi 6 bisa kuskure ki karanto mashi, WhatsApp ɗinki yake son ƙwacewa. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a duka biyun yau ɗin nan. Sai masu alat na bogi: kada kaya su bar hannunki don an turo hoton rasit, ki shiga manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna.

Abin da zai sa dubu talatin ɗin su daɗe suna yi maki aiki yana bayan tallar. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne. Ki jera kayanki da kuɗinsu a kundin da ke ciki, ki rubuta saƙon maraba da zai amsa in kina kicin ko kin yi barci. Wadda ta yi magana ki amsa mata da wuri, don wadda ta jira rabin yini ta riga ta tambayi wata. Duk wadda ta turo saƙo, ko ba ta saya ba, ki ajiye lambarta ki roƙe ta ta ajiye taki. Sitatus ba ya zuwa wa mutum sai kun ajiye lambar juna, haka saƙon bai-ɗaya da ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri guda kuma sai wadda ta ajiye lambarki yake isa. Waɗannan matan su ne za su ga sabon kaya duk lokacin da kika dawo daga Kantin Kwari ba ki biya ko sisi ba.

To ga yadda zan raba, in da ni ce. Ki ware kamar dubu biyar na data da kuɗin aike. Sauran, bayan haraji, ki raba wa bidiyo biyu, ɗaya na atamfa ɗaya na mayafai, kowanne da ƙaramin kuɗi kullum na mako guda, da'ira ɗaya, mata kawai, maɓallin WhatsApp. Ki samu littafi ki riƙa rubuta wadda ta yi magana, daga wane gari, ta wane bidiyo ta zo, ta saya ko ba ta saya ba. Ranar da mako ya cika ki lissafa ribar da kowanne ya kawo, ki tsayar da mai rauni, ki maida abin da ya rage a kan ɗayan. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.