Fik fulo mita: ra'ayina ga masu yaran da aka ce asmarsu ta tafi

Fik fulo mita dai ɗan bututun roba ne da masu asma ke gwada ƙarfin fitar numfashinsu da shi, tsayinsa bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba, ba batir ba caji, lambobi ne jere a jikinsa da wani ɗan tsinke mai zamewa. Yaro zai miƙe tsaye, a maido da tsinken can ƙasa, ya ja numfashi ya cika ƙirji, ya kama bakin da leɓe gam sai ya hura da iya ƙarfinsa lokaci ɗaya. Inda tsinken ya tsaya shine lambarsa, wato lita nawa na iska zai iya fitarwa a minti. Sau uku ake yi a rubuta mafi girma. Wani likita ɗan Ingila, Martin Wright, shi ya ƙirƙiro shi tun wajajen 1959.

Na saya ne saboda ɗana, asma ta wahalar da shi yana ƙarami sai kuma ta lafa, kowa sai ce min yake ai shikenan ya girma ya rabu da ita, a daina ba shi inhela kar jikinsa ya saba. Toh ni ban yarda da a daina magani don maganar baki ba, likitansa ma ya ce a riƙa gwadawa safe da yamma a rubuta mu gani.

Kuma fa masu cewa yara na rabuwa da ita ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Binciken da aka yi a Tucson ta Amurka, wanda aka fitar a 1995, ya nuna kusan ɗaya cikin uku na yara sun yi fiton nan da ƙirji ke yi wajen numfashi kafin shekara 3, amma kusan 6 cikin 10 na waɗannan sun daina kafin su kai 6. Sai dai da yawansu dama ba asma ce ta haƙiƙa ba, hanyoyin iskarsu ne ƙanana, mura na kama su sai su toshe, da suka girma hanyar ta buɗe. Wanda kuma yake da aleji, ga ƙyasbi irin na eczema, ga iyaye masu asma, ko tasa ta yi tsanani tun farko, wannan kam tasa ta fi zama. A Dunedin ta Niyuzilan an bi yaran da aka haifa 1972 zuwa 1973 har suka kai 26, sama da ɗaya cikin huɗu ko dai abun bai taɓa barinsu ba ko ya tafi ya dawo. Waɗanda ya dawo musun nan su suka fi tsaya min a rai, mutum ya yi shekaru ba tari ba komai ya manta ma inda inhelarsa take, sai ya fara shan sigari ko ya samu aiki a wajen ƙura ko hayaƙi ta dawo sabuwa fil. Mata ma su sani, a yarinta maza sun fi yawa amma bayan balaga lissafin juyawa yake.

Anan ne mitar nan ta burge ni wallahi. Da farko sai an samu lambar yaron mafi kyau, ana gwadawa sati 2 zuwa 3 lokacin da yake lafiya lau. A ce 300 ce, toh daga 240 zuwa sama kore ne ba matsala, tsakanin 150 da 240 rawaya ne a bi abun da likita ya rubuta, ƙasa da 150 ja ne, inhelar gaggawa sai asibiti ba jira. Namu a ido garau yake, yana ball yana guje-guje, amma da mura ta kama shi sai na ga lambar safe ta zube tun kafin tarin dare ya fara, ta yamma kuma ta ɗan hau. Wannan hawa da saukan shi likita ya duba ya ce ba ta tafi ba tukunna kwanciya ta yi, aka rage maganin kariya mataki ɗaya maimakon a yanke shi.

Yanzun ga inda ta gaza. Yaro mai wayo zai iya yi miki maguɗi, in ya toshe bakin da harshe ya saki kaman tofi tsinken sai ya yi tsalle ya ba da lambar ƙarya, ranar da yake jin ƙiwa kuma ya hura sama-sama hankalinki ya tashi a banza, dole ki tsaya a kansa. In an wanke ba a bari ta bushe sosai ba tsinken na maƙalewa. Takardar rubutun da ke cikin kwalin layukanta ƙanana ne ƙwarai, ni littafi na samu daban. Yaro ƙasa da shekara 5 yawanci ba ya iya hurawa daidai, kar ki ɓata kuɗinki, kuma a duba wajen saye don akwai ta yara mai ƙananan lambobi akwai ta manya da ke kaiwa 800. Kar a riƙa canza kamfani, lambobinsu ba sa zuwa ɗaya. Yaro in ya ƙara tsawo lambarsa ma ƙaruwa take, sai an sake nemo mafi kyawun lokaci-lokaci.

Babba a cikinsu, lamba mai kyau ba ita ce shaidar warkewa ba, manyan hanyoyin iska kawai take nunawa, gwajin aikin huhu na asibiti da ake kira sifirometri ya fi ta zurfi nesa ba kusa ba. In yaro na jan numfashi da ƙyar ko magana na yanke masa ba lokacin neman mita bane. Ni dai tauraro 4 cikin 5 na ba ta, kuma inhelar gaggawa tana nan cikin jakar makarantarsa, ina duba ranar lalacewarta.