GT4 Pack ko Challengers Pack a Assetto Corsa Competizione?

Ɗan'uwa, tunda ka ce ɗaya kawai za ka iya saya tsakanin GT4 Pack da Challengers Pack, wato ƙarin motocin da ake saya daban a wasan tseren mota na Assetto Corsa Competizione, ɗauki GT4. Duka biyun ina da su a PlayStation.

Motoci 11 ne a cikin GT4 Pack, irin su Porsche 718 Cayman, BMW M4, Alpine A110, McLaren 570S da Ginetta G55. Ba su kai motocin ajin GT3, na sama da su, gudu ba, kuma iska ba ta danne su a ƙasa kamar GT3, shi ya sa ba sa rufa wa direba asiri. Ni da na saba da GT3 na ɗauka hannuna ya faɗa. Ranar da na fara hawa Cayman a filin tseren Spa, ana yayyafi, na taka birki a kwanar La Source daidai inda na saba, sai motar ta zarce waje abinta. Sai da na yi zagaye wajen goma kafin na gane bakin zaren: birki da wuri, a sake shi sannu a hankali, a bar nauyin mota ya sauka kan tayoyin gaba kafin a karya sitiyari. Wallahi a daren nan na koyi tuƙi. Da na koma GT3, lokacina ya ragu ba tare da na taɓa saitin mota ba. Ga kuma daɗin tseren haɗaka, kana fafatawa da ajinka, GT3 na tahowa ta madubi kana neman inda za ka ba su hanya.

Challengers kuwa, na 2022, motoci 5 ne, huɗu daga ciki na gasar mota iri ɗaya. Sunan Ferrari 488 Challenge Evo ne ya ja ni, kwaɗayina ne. Yau tana gareji, Audi R8 da ke cikin Challengers ɗin kawai nake fitarwa jifa-jifa.

Sai batun masu tallar asusu "mai ɗauke da komai" a farashin banza. Ka guje su. Asusu ɗaya suke sayar wa mutane da yawa, bayan kwana biyu su canza kalmar sirri, kuɗinka ya bi ruwa. Ka saya a kantin na'urarka kai tsaye. Kuma idan faifai gare ka, duba yankinsa tukuna, don a PlayStation ƙarin da aka saya da asusun Amurka ba ya hawa kan faifan Turai.