Littafin Turanci na shago ko na Hausa na cikin waya? Amsa ga mai yara biyu

Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu natsuwa in ba ki amsa. Kin ce kina da yarinya 'yar shekara uku da yaro ɗan shekara shida, kina son littattafan hotuna da za su ƙaru da su, su kuma gyara musu tarbiyya. Kin shiga shago kin tarar kusan duk na Turanci ne masu tsada, wata kuma ta ce miki akwai na Hausa kyauta a intanet, sai dai ta waya ake karanta su. Wanne za ki bi? Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu, na kuma gwada duka biyun a kan 'ya'yana, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Na shago suna da abin yabonsu, kuma ba zan rage musu ba. Takardarsu mai kauri ce, wasu ma kwali ne zalla, yarinya ta ciza, ta jefar, ta zuba masa koko, a goge ya koma yadda yake. Zanen yakan yi kyau ƙwarai. Abin da ya fi burge ni da su shi ne yadda marubutansu suka iya shiga zuciyar yaro: za ki ga littafi guda a kan tsoron duhu, wani a kan kishin da yaro ke yi idan an haifa masa ƙani, wani a kan ranar farko a makaranta. Ba sa tsayawa yi wa yaro wa'azi, labarin ne ke yin aikin. Idan kuɗin sababbi ya yi miki yawa, masu gwanjon littattafai na da su, a Kano ki duba wajen Sabon Gari.

Matsalarsu biyu ce. Ta farko, duniyar da ke cikinsu ba ta 'yarki ba ce. Dusar ƙanƙara, bishiyar Kirsimeti, kare kwance a gadon yaro, alade sanye da riga. Sanin wata duniya ba laifi ba ne, amma 'yar shekara uku tana buƙatar ta fara ganin abin da ta sani, ta nuna da yatsa ta ce "akuya!", ta ji daɗin cewa ita ma ta gane. Shi ya sa nake cewa kada ki biya kuɗin littafi sai kin buɗe shi shafi-shafi a gaban mai shagon. Ta biyu ita ce babba: harshen. Idan kika karanta mata jimlar da ba ta fahimta, shiru za ta yi tana kallon hoto, ke kuma ki zaci karatu ake yi. Amfanin littafin hotuna a wannan shekarun yana cikin hirar da yake jawowa ne. Ki tambaye ta, "Wa ya ɓoye a bayan randa? Me ya sa yaron nan ke kuka? Me kike gani zai faru?" Ta ba ki amsa da baki cike, har ta ƙara da nata labarin. Wannan hirar da harshen da take mafarki da shi kawai za ta yiwu.

Yanzu na waya. Wuraren da na sani kuma na yi amfani da su uku ne. Akwai African Storybook, wanda wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta kafa. Akwai StoryWeaver na ƙungiyar buga littattafan yara ta Pratham Books da ke Indiya, wanda aka buɗe a 2015. Sai Bloom Library na ƙungiyar SIL mai aikin raya harsuna. Duk ukun suna da littattafan Hausa, kuma galibinsu an sake su da izinin kowa ya sauke, ya buga, har ya fassara, ba tare da biyan ko sisi ba. An kasa su mataki-mataki, na 1 kalmomi kaɗan ne ko jimla ɗaya a shafi, suna ƙaruwa yayin da ake hawa. Na African Storybook sun fi kusa da mu: baƙaƙen fuskoki, kasuwa, rijiya, kaka da jikoki, ko da yake da yawansu daga gabashi da kudancin Afirka aka fassaro su. Na StoryWeaver za ki ga tufafin sari na matan Indiya da giwaye, amma suna da kyawawan littattafai a kan ƙirga, tsirrai, ruwan sama da jikin ɗan Adam.

A nan ne ɗanki mai shekara shida zai fi cin riba. Rubutun Hausa ba ya yaudarar mai koyo. Harafin c kullum c ne na cokali, alhali a Turanci wani lokaci ya fita kamar k, wani lokaci kamar s. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula biyar, ya iya haɗa ba, be, bi, bo, bu, cikin 'yan makonni zai karanta "kaza ta shiga gida" da kansa, kuma ya san abin da ya karanta. Ranar da yaro ya fara yin haka, fuskarsa ba ta mantuwa. Wannan dabarar ce aka bi a shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, inda aka fara wa 'yan firamare karatu da Hausa, sai dai littattafansu makarantun gwamnati aka raba wa, ba kasuwa aka kai su ba. Kuma kada ki ji tsoron Hausa za ta hana shi Turanci. Wanda ya gane cewa harafi sauti yake ɗauke da shi, kalma kuma ma'ana, da wannan ganewar zai shiga kowane harshe. Hoton ma yana da aikin da yake yi a Hausa musamman: rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "gari" na tuwo da "gari" na mutane iri ɗaya suke a takarda, hoton ne zai gaya wa yaro wanne ake nufi.

Amma na waya ba a ɗaukarsu ido rufe. Masu sa kai ne ke fassara da yawansu, hannu kuma ya bambanta. Na taɓa sauke wani, na fara karanta wa 'yata, sai ta ce, "Mama, wannan wace irin Hausa ce?" An bi Turancin kalma-kalma, ba yadda muke magana ba. Wasu kuma an zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, sai ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki, wannan kuwa cutar da mai koyo ne. Za ki kuma ga an raba Hausar Nijeriya da ta Nijar. Duk Hausa ce mai kyau, amma a Nijar ana rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, don haka ki zaɓi wadda ta dace da makarantar ɗanki. Ki karanta kowane littafi da ƙarfi ke kaɗai tukuna. Idan harshenki ya yi tuntuɓe, ki bar shi.

Sai ita wayar kanta, wadda ita ce babban abin da ke damuna. Kina tsakiyar labari saƙo ya shigo, ko a kira ki, ko caji ya ƙare ga shi babu wuta. Yarinya kuma ta san cewa a bayan littafin nan akwai bidiyo, yatsanta can zai nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallon allon waya ko talabijin ya wuce musu awa ɗaya a rana, ƙasa da haka ya fi, ta kuma ƙarfafa karatu da ba da labari tare da babba. Bayan haka akwai abin da takarda kaɗai ke koyarwa: riƙe littafi daidai, juya shafi ɗaya-ɗaya, sanin cewa boko daga hagu yake tafiya zuwa dama. Yaranmu da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya sun saba da rubutu daga dama, suna buƙatar yatsanki a ƙarƙashin layi kafin su raba biyun.

To ga abin da ni zan yi da ina matsayinki. Zan zaɓi na Hausa biyar ko shida masu kyau, in sauke su, in kai shagon kwamfuta a buga mini. Na yarinyar a buga da launi, a liƙe kowane shafi cikin leda, a huda gefe a ɗaure da zare mai ƙarfi. Na yaron baƙi-da-fari ya isa, ki ba shi fensir mai launi ya cika hotunan da kansa, zai ji littafin nasa ne. Daga nan sai in sayi na Turanci biyu ko uku na gwanjo, in zaɓe su saboda zanensu da labarinsu. Ga ƙaramar zan rufe ido ga rubutun, in ba ta labarin da Hausa ina bin hotunan, har da "ga ta nan, ga ta nanku" a farko idan tana so. Ga babban zan karanta Turancin, mu tsaya a kowane shafi ya faɗa mini da Hausa abin da ya faru.

Game da tarbiyyar da kika ambata, ki yi hankali da littafin da kowane shafinsa umarni ne: yi kaza, bar kaza. Yara kan gaji da shi da wuri. Ki nemi wanda yaro ya yi kuskure a ciki, ya ji kunya, ya gyara, ko wanda ya taimaki tsohuwa ba don an sa shi ba. Idan kun gama kada ki yi saurin fassara musu darasin, ki tambaye su da su ne me za su yi.

Za su nemi ki maimaita littafi ɗaya sau goma, ki maimaita, a nan kalmomin ke zama. Minti goma bayan sallar isha'i ya wadatar. Idan yaron ya fara kama na mataki na 1, ki zaunar da shi ya karanta wa ƙanwarsa, ke kina gefe kina gyara masa inda ya tsaya. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.